Ƙugun Inna da Bayan Motata

Ba ni na fara lalata motar ba, haka na same ta. Na saye ta a hannun wani ɗan sumoga da ya ce ya tuba, ni dai na fi zaton gajiya ya yi. Ƙaramar mota ce mai dogon baya, 'yar Kwatano, shuɗiya a da, kafin rana ta cinye fentin. Mutumin ya yi mata duk abin da 'yan sumoga suke yi wa mota. Ya cire sifirin ɗin baya da aka ƙero ta da shi ya sa na babbar mota, bai tsaya nan ba, ya yayyanka tsohuwar taya ya cusa robar a tsakanin zobban sifirin ɗin don kada ya lotsa ko da wasa. Injin kuma ya sa an buɗe masa wuta, an huda salansa, in ta taso tun daga nesa an san ita ce. Idan babu kaya sai bayanta ya ɗage sama, hancinta ya yi ƙasa kamar akuya tana shan ruwa. Sai an loda mata buhu goma take daidaita ta yi kama da mota.

Ni kuwa abin da nake nema ke nan. Hatsi da wake nake saye a Karofi da Makera da ƙauyukan Kurfi, in kawo Dutsin-Ma inda nake zaune da iyalina. Shekara shida motar tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, ban taɓa jin tausayinta ba, ita ma ba ta taɓa jin nawa ba. In na dawo da ita babu kaya, kowane rami sai ta sanar da ni a ƙashin baya. Na saba, har na daina lura. A shekara ta shidan ne injin ya fara nuna tsufa. Ya koma shan baƙin mai yana hayaƙi, in na taka totur sai ya yi ta ruri, gudun kuwa sai ya ga dama.

A shekarar ce kuma ƙafar Inna ta ɓaci.

Inna mahaifiyata ce, ni ne autanta. Tana ƙauyenmu a bayan Barkiya, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari, tare da Yaya, babbanmu, wanda ya riƙe gonaki. Ta daɗe da ciwon suga, sai ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, wurin ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Likita a Dutsin-Ma ya duba, ya yi mana magana ba ɓoye-ɓoye. Ya ce a kawo ta duk bayan mako biyu ya gani da idonsa, ya kankare abin da ya mutu, ya canja magani. In aka yi wasa, yanke ƙafar za a yi. A gabanta ya faɗa, ta kuwa ji.

Za a ce me ya hana in dawo da ita gidana. Na gwada, kwana tara ta yi. Matata ta yi mata duk abin da ake yi wa suruka, ta gyara mata ɗaki, ta riƙa dama mata kunu da kanta. Inna ta ce ruwan gari ba ya kashe ƙishirwa, ta ce ƙarar janareta tana shiga mata kai, ta rage cin abinci, ta zauna tana tambayar wa ke ba awakinta dusa. Rana ta tara na dawo daga kasuwa na same ta a zaure, ta ɗaure kayanta a zane ta zauna a kai. Ban yi gardama ba, na mayar da ita. Duk wanda ya san Inna ba zai tambaye ni dalili ba.

Don haka hanya ta zama dole. Daga Dutsin-Ma kwalta ce ta wajen Kurfi, ita ba laifi. Sai a sauka a hau burji mai gargada, daga nan a shiga hanyar amalanke, a tsallaka wani rafi da babu komai a cikinsa sai yashi in ba damina ba. Tsakanin burjin da rafin akwai wani wuri mai duwatsu da sarƙaƙiya inda mutane suka daina noma a shekarun nan. Mutanen daji sukan ɓullo a nan a kan babura, ba kullum ba, ba ma kowane wata ba, amma sun ɗauki waɗanda na sani da ido. Duk direban da ya iso wurin addu'a yake yi ya take totur, in motar za ta tarwatse ta tarwatse. Ni ma haka nake yi.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne ƙugun Inna. Ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya tun muna yara, ƙashin bai koma daidai ba, tsufa ya zo ya ƙarasa aikin. Zuwan farko na ninke mata katifa a kujerar baya na jera filo. Motar babu kaya, bayanta a sandare. Tun kafin mu kai rafi na ji tana salati a hankali. Da na taka a wurin duwatsun nan na hango ta a madubi, motar tana ɗaga ta tana buga ta da katifa, ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije. A asibiti sai da mutum biyu muka ciro ta. Yaya ya faɗa mini daga baya cewa kwana huɗu a kwance ta yi salla.

Zuwa na biyu na yi dabarar masu hatsi. Na san motar ba ta laushi sai da nauyi, sai na ɗebo buhu biyar na gero daga na Yaya na jera a but. Ba zan yi ƙarya ba, ya ɗan yi sauƙi. Amma ga inji ya gaji, ga nauyi, muna shiga yashin rafi motar ta yi ruri ta yi ruri ta nutse har cikinta ya zauna a ƙasa. Ni da Yaya muka sauke buhuna, muka yi ta tono da hannu, muna cusa itace da ganye a ƙarƙashin taya. Inna tana zaune a kan tabarma a rana, babu inuwa ko ta kara, tana korar ƙudaje daga ƙafar. Mun kusa awa biyu a nan. Da muka fita dole muka bar buhunan a gaɓa, Yaya ya tsaya jiran amalanke, ni kuma na ƙarasa da ita a motar da ta koma yadda take. Inna ta sha dukan hanya irin na farko, muka kuma tarar likita ya tashi. Wata ma'aikaciya ce ta wanke ƙafar ta ɗaure.

Da na koma ɗaukarta karo na uku na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai, babu alamar shiri.

Na ce, "Inna, rana tana yi."

Ta ce, "Auta, zamna."

Na zauna.

"Ba ni zuwa."

"Inna, kin dai ji abin da likita ya ce."

"Na ji shi sarai, ba kurma nike ba. Ƙahwa guda ya ce za shi yanke. Motar ga taka kuwa duk jikina take yankewa, gaɓa-gaɓa. In yankan ne, a yanke sau guda in huta."

Na yi magiya, na haɗa ta da Allah da Annabi, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, kuma har yau ina jin kunyarsa. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na dawo ni kaɗai raina a ɓace, ina zagin motar da ƙarfi kamar tana ji.

Washegari na kai ta garejin mutumin da yake duba mini ita tun da na saye ta. Dattijo ne, magana ba ta dame shi ba, fanbel ya taɓa cinye masa yatsa ɗaya, kowa Oga yake ce masa. Na zayyana masa komai. Na ce abu biyu nake so. Ya sauke injin ya sa sabon ring, ya dawo mata da wutarta ta da, yadda in na taka za ta tashi. Sannan ya sassauta bayan yadda tsohuwa za ta kwanta ba ta ji hanya ba.

Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito yana goge hannu. Ya danna bayan motar da duk nauyinsa, ko motsi ba ta yi ba.

Ya ce, "Alhaji, wagga ba mota ba ce, benci ne aka sa ma taya."

Ni ban je Makka ba. In zai faɗa mini abin da ba na so ne yake kirana Alhaji.

"Shokazoba mai shanye tsallen mota ta mutu tun bara waccan, robar taya ce ke riƙe da kai. Ina iya cire su duka in sa maka dogon sifirin mai laushi da shokazoba mai rai, gaba da baya. Za ta ɗaga, cikinta ba shi taɓa yashi, rami kuma sai dai ka gan shi da ido. Amma ka sani, mota mai tsawo mai laushi ba ta son gudu. Ka take ta bisa gargada, rawa za ta yi da kai, ka sha kwana da ita ta kihe."

"To injin fa?"

"Inji shina iya jira in za ka lallaɓa shi. In ko gudu kake so, in yi maka inji in bar bayan yadda shike, taurin nan shi ke danne ta ƙasa. Ɗaya za ka ɗauka."

"Oga, yi mini duka biyun, ni na san yadda zan tuƙa."

"Ba ka sani ba. Na san ƙahwarka. Ranar da ka ji tsoro takawa za ka yi, in akwai wuta ga injin kuwa za ta amsa maka. Ba ni haɗa maka makara da hannuna, tahi wani gareji."

Ya ƙara da cewa in aka sassauta, in manta da buhu goma. Huɗu ne, in na matsa biyar.

Na ji haushinsa ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa. Na kuwa je wani garejin. Can na sami wani mai zaƙin baki da ya ce zai yi mini duka har da ƙari, yana magana yana danna waya, ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba. Na ce masa zan dawo, ban koma ba.

Mako guda ina jujjuya maganar, kowa kuma da tasa. Yaya ya shigo gari ranar kasuwa, muka zauna a ƙofar rumfata, na faɗa masa yadda muka yi da Oga. Bai bari na kai ƙarshe ba.

Ya ce, "Kai, ka yi hankali. Motar ga ita ke ciyar da gidanka, wani lokaci har da namu. Ka maishe ta gadon asibiti, mi za ka ɗauka da ita? Ka yi inji. In inji na da ƙarhi sai ka loda buhu shida, ta yi laushi, ta ratsa yashi ba ta tsaya ba. Wurin duwatsu kuma ka hi ni sanin abin da ke nan. In sun hito, da laushi za ka tsere masu?"

Na ce buhu na gwada, sauƙin da ƙugunta ya samu kaɗan ne.

"Ciwon ƙugu kwana huɗu ne shi wuce. In aka tahi da ku daji hwa?"

Ya ce in bar shi da Inna, shi zai lallashe ta ta shiga motar a yadda take. Ya gwada, ta kore shi daga ɗakinta.

Matata ba ta yi doguwar magana ba. Tana yanka alayyafo da rana, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ni ban ce kada a kai Inna ba. Amma duk ranar da ka bi hanyar nan abinci ba ya wuce mini sai na ji ƙarar salansarka a bakin layi. Yanzu kuma ka ce a hankali za ka riƙa binta." Can ta ƙara da cewa, "Yara huɗu ne dai." Ban ga laifinta ba. Da ni ne ita, abin da zan faɗa ke nan.

A tasha kuwa, inda nake zama da direbobi in kasuwa ta yi sanyi, babu mutum ɗaya da ya ce sifirin. Inji kowa yake cewa. Wani ya ce shi bai taɓa jin wanda ya rage wa motarsa kaya da hannunsa ba sai ni. Wani ya ce a ɗora tsohuwar a acaba tsakanin mutum biyu, kamar uwarsa ce zai yi wa haka. Wani ya kawo labarin mai maganin gargajiya a can wani gari. Na gaji da shawara, na gaji da mutane, na gaji da motar, har akwai ranar da na ji haushin Inna kanta da taurin kanta, na yi istigfari. Da safe in tashi na yanke shawarar inji, kafin azahar na koma sifirin.

Rana ta takwas na kai mata bandeji da magani ƙauye. Matar Yaya ce take kwance ƙafar lokacin da na yi sallama, warin ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Baƙin ya bar tafin ƙafa ya kama ƙaramin yatsa. Inna ta kalli fuskata, ta ja zane ta rufe.

Ta ce, "Ba komi, ya yi sauƙi."

A dawowa na iso wurin duwatsu na taka kamar kullum. Motar ta cilla ni sama kaina ya bugi rufi, haƙorana suka haɗu da harshena. Ni ke nan mai lafiya, a kujerar gaba, riƙe da sitiyari. Ban biya gida ba, garejin Oga na wuce.

Na ce, "A sassauta."

Bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba, jak ya ɗauko.

Kwana biyu aka yi ana aikin, ina zaune a kan tsohuwar taya ina kallo. Ya riƙa ɓanɓaro robar nan ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe, duk sun ƙeƙashe sun yi fari. Sifirin ɗin da shokazoba daga Katsina aka kawo, tsofaffin waje ne masu kyau. Injin bai taɓa shi ba in ban da filogi da baƙin mai da ya canja. Sai kuma hudar salansa da ya sa mai walda ya toshe, wai ƙara tana sa mutum ya ɗauka gudu yake yi. Da zai ba ni makulli ya ce, "Injin ya gaji amma bai mutu ba. Bisa gargada kada ka wuce giya ta biyu, ko mi ka gani."

Na fita da ita na shiga rami da gangan, ta haɗiye shi ban ji ba. Ya kamata in yi murna, amma ban yi ba, don na san yanzu ba ni da abin gudu. Direbobin tasha suka sa mata suna Hajiya, wai tafiyarta ta masu hannu da shuni ce. Ranar kasuwa ta farko na ɗora buhu biyar bayanta ya zauna, abin da nake ɗauka sahu ɗaya ya koma sahu biyu, wasu masu kaya suka koma wajen wani. Matata kuma ta ce yanzu sai na yi sallama take sanin na dawo.

Saura Inna. Na je mata da hantsi na ce an gyara mota.

Ta ce, "Hakanan ka ce ranar buhunan gero."

Na rantse mata. Ta dube ni, sannan ta kira matar Yaya ta ce ta cika ƙwarya da nono, kada ta bar sarari sai kamar yatsa biyu. Ta sa aka ɗora ƙwaryar a kan gammo a kujerar baya.

"Ku kai ta rahi ku dawo, kada wanda ya riƙe. In ta zube, ni ma zubewa zan yi."

Yaya ya shiga gaba yana ƙunƙuni. Na tafi da ita kamar mai bin jana'iza. Mun je lafiya, a dawowa ne tayar baya ta hau wata saiwa, nonon ya yi tsalle ya ɓata bakin ƙwaryar, kaɗan ya zuba a kujera. Na tsaya, muka kalli juna. Yayan nan da ya ce in yi inji, shi ne ya tuɓe hularsa ya goge bakin ƙwaryar tas, ya goge kujera, ya cusa hular a aljihu.

Ya ce, "Ni ban ga komi ba."

Inna ta daɗe tana duban ƙwaryar. Ta ɗago ta dubi kan Yaya babu hula, ta sake duban ƙwaryar. Sai ta ce wa matarsa, "Ɗauko man mayahina."

Lokacin girbin dawa ne, Yaya ba zai iya barin gona ba, don haka mu biyu muka tafi. Muka ratsa yashin rafi ba ko tangarɗa, motar a sama, babu nauyi. Inna tana ta ba ni labarin wata akuyarta da ta haifi uku, can na ji shiru. Na duba madubi. Barci take yi, baki a ɗan buɗe, ƙafar a kan filo. Matar Yaya ta faɗa mini da safen nan cewa ta fi mako ba ta yi barcin kirki ba saboda zugi.

A haka muka shiga wurin duwatsu, a giya ta biyu. Ban taɓa ganin wurin sosai ba sai ranar. Akwai kunyoyin gona da ciyawa ta cinye, akwai wata bukka da ta rushe. Ina cikin kallon nan na ji ƙarar babura a baya.

Uku ne, kowanne da mutum biyu, fuskokinsu a naɗe. Na bayan babur na farko yana riƙe da wani dogon abu a cikin buhu. Ƙafata ba ta yi shawara da ni ba, ta danna totur. Injin ya yi ruri, motar ta zabura ta fara rawa, ta yi dama ta yi hagu, kan Inna ya gangaro daga filo, ta yi nishi cikin barci. Na ɗaga ƙafata.

Daga baya na riƙa gaya wa kaina cewa ko na taka ba zan tsere wa babur ba, kuma gaskiya ne. Amma ba shi na tuna a lokacin ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne kada ta farka. In ɗaukarmu za a yi, to ta ƙara barcin minti biyu kafin ta sani. Na raɓa gefe ina tafiya a hankali, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Babur na farko ya zo daidai tagata ya rage gudu. Na bayan ya dube ni, idanunsa kawai nake gani. Ya leƙa baya ya ga tsohuwa a kwance da ƙafa a naɗe. Na yi masa sallama. Ya ɗan jima yana kallonta, sannan ya taɓa kafaɗar mai tuƙin suka wuce. Na biyu ya wuce, na uku ya wuce, suka karya ta wata 'yar hanya suka shige daji. Har yau ban san ko su wane ne ba. Suna iya zama 'yan sa-kai, suna iya zama manoma, abin cikin buhun yana iya zama fartanya. Da na hau kwalta na tsaya a gefe, na ga wandona a jiƙe, kuma ba gumi kaɗai ba ne. Na ja riga na rufe.

Sai a ƙofar asibiti ta farka. Likita ya yi mini faɗa sosai a kan fashin da muka yi, na tsaya na sha. Ya daɗe a kan ƙafar. Da ya gama ya ce ƙaramin yatsan da wuya ya tsira, amma ƙafar za ta tsaya in ba mu ƙara fashi ko sau ɗaya ba. Ya rubuta ranar dawowa a kati ya miƙo mini. Inna kuwa sai ba shi labari take yi, wai a mota ta yi barci tun daga rafi, abin da ba ta samu ba a kan gadonta. Haka aka yi daga baya, yatsan ya tafi, ƙafar ta tsaya, bayan wata bakwai ina bin hanyar nan duk mako biyu. Amma ranar ban san da haka ba. Abin da na sani shi ne dole in mayar da ita gida kafin la'asar, kuma hanyar ɗaya ce.

Muka biya gidana na canja kaya na yi azahar. Matata ta tambayi hanya, na ce lafiya lau. Ta dube ni ta dubi wandon da na ajiye a bokiti, ba ta ƙara tambaya ba. Inna ta ci gasasshen kifi har tana neman ƙari, rabon da in ga haka an daɗe. Da muka fito na kwantar da ita a kujerar baya, na gyara mata filo a ƙarƙashin ƙafa, na zagaya na shiga. Sai da na gwada sau biyu makulli ya shiga.

Ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Allah shi yi maka albarka. Ka tahi da ni sannu kamar ɗazu, ka ji? Musamman wurin duwatsun nan."

Na ce, "To, Inna."

Na tayar da mota.